Hasumiyar Fitila Ta Bakin Tekun Ikko, Da Abin Da Ya Haɗa Mu Da Ita



In ka tambayi Bahaushen Agege ko na Idi-Araba ko na Mile 12 ta ina ake shiga Ikko, amsar da zai ba ka ba za ta wuce biyu ba. Dattijo zai ce ta tashar jirgin ƙasa ta Iddo, yaro kuwa zai ce ta Berger, inda tireloli da bas-bas ke gangarowa daga Badun. Duk sun yi gaskiya, sai dai waɗannan ƙofofin tudu ne. Ƙofar da ta mai da Ikko abin da take a yau tana can kudu, inda ruwan tafkin garin yake haɗuwa da babbar teku. A gefen yamma na wannan ƙofa, bayan wurin shaƙatawar nan da ake kira Tarkwa Bay, akwai wata doguwar hasumiya da Turawa suka gina wajejen 1890 domin ta riƙa haska wa jiragen ruwa da dare. Daga cikinmu akwai wanda ya yi shekara talatin a garin nan bai taɓa jin labarinta ba, balle ya gan ta. Alhali kuwa goron da ya kafa zangunanmu, da gyaɗar da ta arzuta Kano, da kakanninmu da aka ɗiba zuwa yaƙin Boma, duk ta gabanta suka wuce.

Bari mu fara da sunan, don na san akwai wanda da ya ji an ce hasumiya sai zuciyarsa ta tafi masallaci, ko ta tafi Gobarau ta Katsina. Ba laifi, ai kamar tana da yawa. Larabawa ma kalma ɗaya suke kiran su da ita, manara, wato wurin haske, ko ta ladan ce ko ta matuƙa jirgi. Wadda ta fi kowace suna a tarihi ita ce ta Iskandariyya a Masar, wadda aka gina kimanin shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsawonta ya haura mita 100. Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya gan ta a 1326 gefe ɗaya ya zube, da ya sake bi ta nan a 1349 ya tarar ta lalace har ba a iya shiga. Daga baya Sarki Ƙaitbai ya gina ganuwarsa a gurbinta, tana nan har yau. Shi dai wannan Ibn Battuta shi ne ya zo Takedda a 1353 har ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa. Tamu ta Ikko jika ce a gaban ta Masar, amma aikinsu ɗaya.

Mun tafi ganinta ne mu bakwai wata ranar Lahadi, tunda an ce gani ya kori ji. Mota ba ta zuwa wurin. Jirgin fito mai inji ake hawa, mu daga Marina muka hau, tafiyar kamar minti ashirin ce in ruwa ya kwanta. Wanda bai taɓa ganin Ikko daga kan ruwa ba bai san garin ba tukuna. Ta hannun dama kana hango ƙugiyoyin ɗaga kaya na Apapa sun yi cirko-cirko, ta hagu dogayen benayen Victoria Island, a tsakiya kuma ga jiragen dakon kaya, ko wanne ya yi unguwa guda, jirginku a gefensu kamar ɓawon gyaɗa. Can gaba sai ka ga tankunan mai na Atlas Cove, sa'an nan wasu dogayen jerin duwatsu da suka miƙe cikin teku daga gefe da gefe. Mai karatu ya riƙe waɗannan duwatsu a ransa, za mu dawo kansu, don rabin labarin nasu ne.

Daga inda jirgi ya sauke mu sai tafiyar ƙasa cikin yashi, wadda ta fi ta kan kwalta gajiyarwa sau biyu. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne hasumiyar ba a bakin ruwa take ba. Tana can ciki, akwai tazarar yashi da itatuwa tsakaninta da igiyar ruwa. Gini ne zagayayye, dogo, a samansa akwai ɗakin fitila da ɗan dandamali mai shinge kewaye da shi. Babu ado, babu zane irin na soron sarki. Wani yaro cikinmu ya ce shi fa ya zaci abin ya fi haka, wai benayen da muka baro a baya sun ninka ta tsawo. Gaskiyarsa. Amma a lokacin da aka gina ta babu waɗannan benaye, kuma in ka fahimci yadda gaɓar tekun nan take, za ka gane me ya sa ɗan wannan tsawo ya zama batun rai da mutuwa.

Gaɓar tekun ƙasar Yarbawa shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutse babu tudu. Matuƙin da ya taso daga Ankara ko Kwatano yana bin gaɓa, abin da yake gani kawai farin yashi ne da layin itatuwa, yau haka gobe haka, kamar mai tafiya a dajin da babu kuka babu tsamiya da zai yi alama da ita. Da rana ma yana iya wuce bakin Ikko bai sani ba, ina ga dare. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, kuma mafi muni, shi ne tudun yashin da ke kwance ƙarƙashin ruwa a daidai bakin mashigar. Igiyar ruwan wannan gaɓa kullum tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, ruwan tafki kuma yana fitowa da nasa, inda suka haɗu sai yashi ya taru ya yi gadar da ba a gani. Wannan shi Turawa suke kira ba, kuma daga nan ne Bar Beach ta samo sunanta. Tudun ba ya zama wuri ɗaya, inda aka bi lafiya bana baɗi sai ya cije jirgi. Saboda haka a wancan zamani manyan jirage ba sa shiga. A waje suke jefa anga, a sauke mutane da kaya cikin ƙananan jirage da kwale-kwale, waɗanda galibi mutanen ƙabilar Kru na Laberiya da masunta daga gaɓar Gana suke tuƙawa, su ratsa tudun a cikin tumbatsar ruwa. In kwale-kwale ya kife, ga kifayen nan masu cin mutum suna jira. Rayukan da suka salwanta a wannan ɗan tsakani Allah kaɗai Ya san adadinsu.

To, kafin a kunna fitila a wurin nan, an yi zamanin duhu, kuma da mu a cikinsa. A farkon ƙarni na 19 Ikko ta zama babbar tashar fitar da bayi a wannan yanki, duk da cewa Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin tun 1807. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 a ƙasar Hausa, da rushewar daular Oyo, sun sa an riƙa gangaro da kamammu kudu, cikinsu har da Hausawa masu yawa, wasu ma malamai ne masu karatu. Ta kan wannan tudun yashi aka fitar da su, aka kai da yawansu Bahiya ta ƙasar Barazil. Can ma ba su kwanta ba. A 1807 hukuma ta gano shirin tawayen da bayi Hausawa suka ƙulla, a 1814 suka tashi da gaske, sa'an nan a watan Ramadan na 1835 aka yi babban tawayen Musulmi, wanda Yarbawa suka fi yawa a cikinsa amma da Hausawa, har aka samu layu da takardun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Duk wanda ya tsaya a yashin nan ya dubi teku, ya kamata ya yi musu addu'a. Mu mun yi.

A watan Disamba na 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko suka mai da Akitoye kan gado, da hujjar hana cinikin bayi. Jakadan Ingila da ya ƙulla wannan al'amari shi ne John Beecroft, kuma har yau a taswirar matuƙa jirgi akwai tsinin ƙasa a wannan gefe na yamma da ke ɗauke da sunansa. Bayan shekara goma, a watan Agusta na 1861, aka sa Sarki Dosunmu ya sa hannu ya miƙa garin ga Ingila. Hana cinikin bayi alheri ne, babu mai musu, amma wanda ya zo hana ɓarna ya zauna ya gaje gidan, wannan kuma wani zance ne.

A nan ne labarin ya zo inda nake so 'yan uwa su buɗe kunne. Akwai wani hafsan sojan ruwa, John Glover, wanda jirginsu mai suna Dayspring ya fashe a kan dutse kusa da Jebba a 1857, abin da ya sa ya san hanyar tudu tsakanin Kwara da Ikko, ya kuma san Hausawa. Da ya zama mai riƙon mulkin Ikko, a 1863 ya tara Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, ya kafa wata 'yar runduna da aka riƙa kira Hausawan Glover. Rundunar sojan Nijeriya da kanta tana ƙirga asalinta daga nan, tana cewa da mutum 18 aka fara. Ba zan ɓoye ba, aikin da aka sa su ba duka ne abin alfahari ba. Da su aka je yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, da su aka ci Ijebu a 1892, wato Bature ya yi amfani da talakan wani wuri ya murƙushe mutanen wani wuri. Amma abin da nake nufi shi ne lissafi. Daga 1863 zuwa lokacin da aka gina hasumiyar nan kusan shekara talatin ne. Ashe ke nan akwai Hausawa zaune a Ikko, da iyalansu da limamansu, tun ba a aza tubalin farko na wannan gini da ake kira tsohon tarihi ba. Unguwar Obalende ma da zaman sojojin Hausawa ta tashi. Duk ranar da wani ya ce wa ɗanka jiya kuka zo, ba sai an yi faɗa ba, a nuna masa shekarun.

Yanzu ita fitilar, yaya take aiki? Fitilun hasumiya na wancan zamani da mai suke ci, galibi kananzir, da lagwani kamar fitilar ƙwai ta gida, sai dai babba. Sirrin yana ga gilashin da ke kewaye da wutar. Wani Bafaranshe mai suna Augustin Fresnel ne ya ƙirƙiro shi, aka fara amfani da shi a Faransa a 1823. Zobba ne na gilashi a jere, ko wanne an yanka shi da kusurwarsa, suna tattara hasken da zai watse sama da ƙasa su miƙa shi gaba ɗaya zuwa teku, sai ƙaramar wuta ta zama ana hango ta daga nesa ƙwarai. Sa'an nan ko wace hasumiya tana da irin ƙiftawarta. Wata ta haska sau ɗaya ta ɗauke, wata sau biyu, wata sau uku, da adadin daƙiƙoƙin da ke tsakani, duk an rubuta a littafin da ke hannun matuƙi. Da ya ga haske sai ya duba agogo ya ƙirga, ya san wannan Ikko ce, ba Kwatano ba. Kamar dai yadda ake gane mutumin Gobir ko na Daura da tsagar fuskarsa.

Tsawon kuwa dalilinsa shi ne duniya a dunƙule take. Mutumin da ke tsaye a bakin ruwa ba ya ganin abin da ya wuce kamar kilomita 5 a kan teku, daga nan ruwan ya lanƙwasa ya ɓoye sauran. In aka ɗaga fitila mita 36 sama da ruwa, haskenta zai kai fiye da kilomita 20, in kuma matuƙin yana can saman jirginsa sai tazarar ta ƙaru. Ka ga ke nan ko wane mita da magina suka ƙara, lokaci ne suka saya wa matuƙi ya rage gudu ya nemi wurin jefa anga kafin ya hau yashi. Masu tsaron irin waɗannan fitilu kuwa aikinsu ba hutu. A hau da mai, a gyara lagwani, a goge gilashi daga hayaƙi da gishirin teku, a kwana ido biyu, ko ana ruwa ko ana iska. Ba a rubuta sunayen irinsu a littattafan makaranta, gwamnoni ake rubutawa.

Abu na farko da wannan haske ya jawo mana shi ne goro. Kafin zamanin jirgin ruwa mai tururi, goron da ake ci a Kano da Sakkwato daga Gwanja yake zuwa, fatake su ɗauko shi a kan jakuna daga kasuwar Salaga, su ratso Borgu su ƙetare Kwara, tafiyar watanni, ga 'yan fashi ga kuɗin fito a ko wace ƙasa. Goro kuwa kowa ya san halinsa, ɗan lele ne, in ba a buɗe shi ana yayyafa ruwa ana sauya ganye ba sai ya bushe ko ƙwaro ya shige shi. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa wannan kasuwa, Hausawan da ke can suka bazu zuwa Kumasi da Ankara da sauran garuruwa. A daidai wannan lokaci ne wasu masu ido suka lura cewa in aka sa huhun goro a jirgin ruwa daga Ankara ko Sekondi, cikin 'yan kwanaki yana Ikko. Cikin waɗanda suka yi fice a wannan hanya akwai Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, wanda ya zauna a ƙasar Gwanja yana saro goro yana turo shi ta ruwa, kafin ya koma Kano ya zama attajirin da babu kamarsa har rasuwarsa a 1955. Jirgin ƙasa ya isa Badun a 1901, ya isa Kano a 1911, sai hanyar ta haɗu: ruwa daga Ankara zuwa Ikko, dogo daga Iddo zuwa Kano. Daga baya manoman ƙasar Yarbawa suka dasa irin wannan goro da kansu a wajejen Agege da Ota da Shagamu, masu saye kuma suka biyo shi suka zauna. Zangon Agege da goro da tashar jirgi ya girma. Sabon Badun an kafa shi a 1916, shi ma goro da shanu ne ƙashin bayansa.

Sai dai fitila gargaɗi kawai take yi, ba ta kwashe yashi. Shekara ashirin bayan gina ta, manyan jirage suna nan suna tsayawa a waje. Har ta kai kayan Ikko da yawa sai an wuce da su Forcados, can bakin Kwara, inda ruwa ya fi zurfi, a sauke a ƙananan jirage a dawo da su baya. Abin kunya ne ga babban gari, kuma asara ce ga 'yan kasuwa. Maganin da injiniyoyi suka kawo shi ne duwatsun nan da muka gani a hanya. Daga wajen 1908 aka shiga fasa dutse a Aro kusa da Abekuta, jirgin ƙasa yana jidowa, ana zubawa cikin teku, har aka yi dogayen katangu biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, da wata ƙarama a ciki mai daidaita gudun ruwa. Katangar yamma tana tare yashin da ke tahowa, su biyun kuma suna matse ruwan tafki ya fita da ƙarfi ya share hanyarsa, jiragen haƙa suna taimakawa. Ranar 1 ga Fabrairu 1914 jirgin wasiƙu mai suna Akoko, wanda cikinsa ya nutse ƙafa 19 a ruwa, ya shigo har cikin tashar Ikko. Wata ɗaya ke nan cif bayan Lugga ya haɗe Kudu da Arewa. Kowa ya san ranar haɗewar, amma a ganina ranar shigowar Akoko ba ta gaza ta ba wajen ɗaure Kano da Ikko da igiya ɗaya, don takarda gwamna ya sa wa hannu, ita kuwa wannan abinci ce.

Turawa sun kai dogo Kano ne da tsammanin auduga, don masaƙun Ingila. Manoman Kano da 'yan kasuwarta suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, tun daga kakar 1912 buhuna suka cika tasha har jirgi ya kasa kwashewa. Dalar gyaɗar da muke gani a tsofaffin hotuna, ai gyaɗa ce mai jiran wagunu zuwa teku. An gama manyan matsayan jirage na farko a Apapa a 1926, daga nan gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga suka riƙa bi ta tsakanin katangun nan, su wuce hasumiya, su nufi Liverpool. Forcados kuwa ta koma ƙauye. Hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Nijeriya, wadda kula da fitilu da alamun hanya na tashoshi ke cikin aikinta, an kafa ta da dokar 1954, ta fara aiki a 1955.

Ba kaya kaɗai suka fita ba. A yaƙin duniya na biyu an ɗebi dubban samari daga Nijeriya, da yawansu 'yan Arewa, har Hausa ce harshen bariki a lokacin. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta tashi a 1943, ta 82 ta bi ta a 1944, zuwa Indiya daga nan Boma, su yaƙi Japan a cikin kurmi. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Kaduna ba, aka sa shi a jirgi makonni. Wannan gaɓa ita ce ƙarshen abin da ya gani na ƙasarsa, ga wanda bai dawo ba kuwa ita ce ta ƙarshe ɗungum. Sunayen barikokin da muke wucewa kullum a garin nan, Dodan da Arakan da Myohaung, duk sunayen wurare ne a Boma inda suka yi yaƙi.

Yanzu mu koma ga tambayar da ta dame mu da muka isa, wato me ya sa hasumiyar take nesa da ruwa. Amsar tana ga katangar yamma. Yashin da ta tare shekara da shekaru ya taru a wannan gefe, gaɓar ta yi ta miƙewa cikin teku, ta bar hasumiya a baya. Abin da wannan gefe ya samu kuwa, ɗaya gefen ne ya rasa. Yashin da a da yake ƙetarawa ya ciyar da gaɓar Victoria Island ya daina zuwa, teku ta shiga cin Bar Beach. Waɗanda suka zauna Ikko a shekarun 1980 da 1990 sun tuna yadda ruwa yake hayewa titin Ahmadu Bello ya shiga ofisoshi da gidajen saukar baƙi na jihohi, gwamnati ta zuba yashi na miliyoyin naira, baɗi teku ta kwashe abinta. Daga ƙarshen shekarun 2000 aka shiga cike wurin gaba ɗaya da yashin da aka haƙo daga teku, aka yi masa katangar dutse, aka sa masa suna Eko Atlantic. Bar Beach ɗin da iyayenmu suke kai mu yawon salla babu ita yanzu. Dutsen da aka zuba a zamanin Lugga ne ya ci ta, sannu a hankali, cikin shekara ɗari.

A cikin tafiyarmu akwai wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa yana dako a Apapa. Da muka zauna hutawa a gindin wata bishiya, yaran suka ce Baba ya ba su labari, sai ya nuna teku da sandarsa ya ce a 1975 in ka tsaya a nan da dare sai ka rantse wani gari ne aka kafa a kan ruwa, saboda fitilun jirage. Zancensa yana cikin tarihi. Gwamnatin Janar Gowon, kuɗin mai ya shigo, ta yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, mafi yawansa da sunan ma'aikatar tsaro, alhali tashar ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi layi a waje, wasu watanni, ana biyan su kuɗin jira kullum, simintin wasu ya sha danshi ya daskare a cikinsu. Wannan cunkoso ne ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977.

A yau matuƙi yana da na'urar da ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam ta nuna masa inda yake, ga kuma rada, saboda haka hasumiya ba ta da matsayin da take da shi a da. Tun 2023 ma akwai sabuwar tasha mai zurfi a Lekki, wadda jiragen da ke zuwa can ba ruwansu da wannan mashiga. Yankin kansa ya ga tashin hankali. A watan Yuli na 2009 'yan bindigar Neja Delta sun kai hari Atlas Cove, a watan Janairu na 2020 kuma sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay da ƙauyukan kusa, dubban mutane, bisa zargin fasa bututun mai. Ko me aka ce game da masu fasa bututu, talakan da aka ba ɗan lokaci kaɗan ya kwashe kayansa a kwale-kwale bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma mu mazauna zango mun san ɗacin kalmar tashi.

Ga wanda yake son zuwa, kuma ina ba malaman Islamiyyunmu shawara su kai manyan ɗalibai, a tafi da safe a dawo kafin la'asar ta yi sanyi, don masu jirgi ba sa son dare. Kowa ya sa rigar nan mai hana nutsewa, ko da mai jirgi ya ce ba komai. A riƙe ruwan sha da na alwala da tabarma. Hasumiyar kayan gwamnati ce kuma yankin akwai jami'an tsaro, saboda haka a yi sallama a nemi izini kafin a matsa kusa ko a ɗauki hoto. Kada a bar yara su shiga ruwa a gefen hasumiya, don can teku ce buɗaɗɗiya mai ja, ba kamar cikin Tarkwa Bay ba inda duwatsu suka kare igiya. In an samu dattijon da ya yi aiki a Apapa ko a reluwe, a tafi da shi, a biya masa kuɗin jirgi.